Kundin Aikin Wayar Gashi ta Tafiyar Ƙafa

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin kada abin da na gwada da abin da na kashe su ɓace mini. Shekara uku ke nan ni da ƙanena muna fita tafiyar ƙafa da zarar damina ta ɗauke, galibi zuwa Dutsen Kufena da ke bayan Wusasa, kowa da jakarsa a baya, mu dafa abin da za mu ci a kan wutar itace. Duk tsawon wannan lokaci wayar gashin gida nake ɗauka, irin wadda ake ɗorawa a kan kurfoti da Babbar Sallah. Yau na aza ta a kan sikelin da uwargida take auna fulawa, sai ta ba ni kilo 1 da giram 900. Ba ta shiga jaka, sai dai a ɗaura ta a baya da igiya, tana sarƙe ƙaya, tana bugun ƙeya a wajen hawa, kuma duk abin da ta taɓa sai ta shafa masa baƙi.

Abin da nake so in ƙera shi ne wayar da ba za ta wuce giram 300 ba har da jakarta, wadda za ta shige aljihun gefen jakar goyo, ta ɗauki tukunya mai lita 1 da rabi na ruwa ba tare da ta lanƙwashe ba, kuma a iya gasa kifi ko nama a kanta ba tare da wani abu mai guba ya shiga abincin ba. Na ga waɗanda ake sayarwa a Amurka da Japan na titaniyam, ƙarfen da nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na baƙin ƙarfe ba, amma idan aka haɗa kuɗinsu da na kawowa a farashin dala na yanzu, abin ya fi ƙarfina. Don haka sharaɗina na ƙarshe shi ne duk abin da zai shiga aikin a same shi a cikin Zariya. Na ware naira 15,000.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Bayan la'asar na shiga wajen 'yan gwangwan a Sabon Gari da ɗan maganaɗisu a aljihu, wanda na ciro daga tsohuwar sifika. Abin da suka fara miƙo mini shi ne ragar cikin firij, domin a cewarsu ita masu gasa masara da yawa suke saye. Ban karɓa ba, saboda irin wannan raga shafe take, wata da roba, wata da wani ƙarfe mai ƙyalli da ba a yi shi don wuta ba, kuma ido ba ya iya tantance abin da aka shafa mata. Haka ma murfin fanka, wanda fenti ne a jikinsa.

Abin da ya ja hankalina shi ne tsohuwar eriyar talabijin ta alminiyam. Bututunta kamar kara yake a hannu don rashin nauyi. Na saya a kan 1,500, na biya wajen mai gyaran keke na karɓi sifok guda 20 a kan 1,000. Kuɗin keke napep zuwa da dawowa 800. Shirina shi ne in yanka bututu biyu, in huda su, in jera sifok a tsakaninsu kamar tsani.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwajin farko ya lalace gaba ɗaya, kuma ina so in rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla, domin kuskure biyu ne a wuri guda.

Haɗawar ba ta ba ni wahala ba, da ƙusa ma na huda alminiyam ɗin. Da na auna, giram 140 kacal. Na hura wuta a tsakar gida tsakanin bulo biyu, na ɗora wayar, na aza tukunyar ruwa a gefe ɗaya, na jera nama rabin kilo a ɗaya gefen. Minti goma ba su cika ba sai na ga tukunyar tana karkacewa a hankali. Bututun da ke ɓangaren da iska ke kaɗa harshen wuta ya yi laushi, ya lotsa a tsakiya, kafin in nemo tsumman da zan kama tukunyar har ta kife, ruwan ya kashe rabin wutar, toka ta turnuƙe naman. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, amma tun kafin ya kai rabin haka yake rasa yawancin ƙarfinsa, garwashin itacen da iska ke hurawa kuwa yakan haura digiri 700. Abin da ya ruɗe ni shi ne tukwanen alminiyam da ake girki da su shekara da shekaru ba su narke ba. Ban lura ba cewa ruwan da ke cikinsu ne yake tsare su, domin muddin akwai ruwa a ciki zafin gindin tukunyar ba ya yin nisa da digiri 100. Bututun da babu komai a cikinsa ba shi da wannan kariya.

Kuskure na biyu ya fi tayar mini da hankali. Tun kafin tukunyar ta faɗi na ga wani farin hayaƙi siriri yana tashi daga jikin sifok ɗin, kuma wuraren da wuta ta fi lasa sun yi ruwan ɗorawa, da suka huce kuma suka koma fari fat kamar garin alli. Wannan alamar tutiya ce, wadda ake shafa wa ƙarfe don kada ya yi tsatsa. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420, kuma shaƙar hayaƙinta yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki da masu walda suka sani sarai. Da yawansu sukan sha madara bayan sun yi aikin irin wannan ƙarfe, amma madara ba ta kare huhu. Na duba naman na ga farin garin a jikinsa, sai na haƙa rami na binne shi, ban ba ko kyanwa ba. Asarar 3,500 ke nan, kuɗin naman kaɗai. Daga yau duk ƙarfen da ban san abin da ke jikinsa ba, ba zai kusanci abincina ba.

Talata, 12 ga Nuwamba

Ban taɓa ƙarfe ba yau, lissafi kawai na yi a takarda. Abin da ya rage shi ne ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira silba. Nauyinsa ya kusa ninka na alminiyam sau uku, saboda haka dole a rage kauri. Sandar silba mai kaurin milimita 6 tana yin giram 220 da ɗoriya a kowace mita, mai milimita 3.2 tana yin kamar 64, mai milimita 2.4 kuma kamar 36. Matsalar ita ce ƙarfin sanda wajen ƙin lanƙwasa yana raguwa da sauri fiye da nauyinta. Idan aka raba kauri biyu, nauyi ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, amma taurin ya koma kashi ɗaya cikin 16. Duk aikin a tsakanin waɗannan lambobi yake.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na je Tudun Wada wajen wani mai walda da ke haɗa ƙofofi da madogaran matakala na silba. Na nuna masa zanena, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, wannan siririn abin ba zai yi ƙarko ba. Bari in yi maka firam da rodi mai shida, in sa mata ƙafafu masu naɗewa, ka mora har jikokinka." Na ce masa, "Maigida, a baya zan goya ta in hau dutse da ita." Ya ce ai ba za ta yi wani nauyi ba. Ganin ya fi ni sanin ƙarfe, na amince.

Amma zuwan ya yi mini amfanin da ban zata ba. A kan teburinsa na ga damin wasu sanduna sirara masu sheƙi, kowace tsawon mita 1, waɗanda yake narkarwa idan yana walda ta agon. A ƙarshen kowace an buga lamba 308. Silba ce zalla ba shafe ba, mai kuromiyam da nikel, an san abin da ke cikinta, kuma tana zuwa daidai da kaurin da na lissafa, 2.4 da 3.2. Na sa maganaɗisu, kamun da ya yi mata kaɗan ne ƙwarai, ba kamar yadda ya manne wa sifok ba. Muka daidaita a kan 9,000, kayan aiki da ladan hannu: faɗi santimita 20, tsawo 30, sanduna 11 na mai 3.2 a tsakiya.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na karɓo. Aikin ya yi kyau, waldar tsaf. Nauyi giram 650, wato fiye da ninki biyu na abin da nake nema. Ƙafafun kaɗai sun haura giram 260.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na gwada ta a tsakar gida da wuta mai ƙarfi. Ba ta yi hayaƙi ba, sai dai launinta ya sauya zuwa ruwan zuma da shuɗi, wanda ba komai ba ne a jikin silba. Tukunyar ta zauna daram, ruwa ya tafasa. Amma can sai na ji ƙara kamar an buga kwano, na ga kusurwa ɗaya ta ɗaga sama da kusan yatsa biyu, sanduna huɗu na tsakiya sun yi doro, biyu sama biyu ƙasa. Da ta huce ba ta koma daidai ba. Yanzu idan aka ajiye ta a kan siminti rawa take yi a kan ƙafa uku.

Na koma takarda. Silba ta fi baƙin ƙarfe miƙewa idan ta ji zafi, kusan da rabi, kuma ba ta saurin rarraba zafin zuwa sauran jikinta. Sandar santimita 20 da ta ƙaru da digiri 600 takan ƙara tsawon kusan milimita 2. Sandunan tsakiya suna cikin wuta, firam ɗin yana gefe da sauran sanyinsa, kuma an like su kai da gindi. Kuɗin da na ware ya riga ya ƙare, har na ɗora 800 a kai, ga shi ba ni da abin da zan fita da shi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Na ɗauki wayar na shiga cikin birni wajen wani tsohon maƙeri da mahaifinmu yake kai wa gyaran fartanya da lauje. Na same shi a bakin zuga-zugi, jikansa yana hura masa. Na durƙusa na ce, "Baba, barka da aiki." Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, na miƙa masa wayar. Ya juya ta, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya danna kusurwar da ta ɗaga da babban yatsa, sannan ya ce, "Ɗana, ƙarfe idan ya ji wuta miƙa yake yi kamar mai tashi daga barci. Kun ɗaure shi kai da ƙafa, ina zai miƙe? Ka bar masa wurin motsi." Abin da na cika shafi biyu ina lissafawa ke nan.

Da ya buɗe ƙafafun ya tambaye ni inda nake zuwa da ita, na ce Kufena. Ya ce, "To, dutse ya ƙare a Kufena ne? Tun kaka da kakanni da duwatsu uku ake kafa murhu." Wannan magana ita ta sauya aikin baki ɗaya. Tun farko ina ta neman ƙarfen da ya fi rashin nauyi, alhali fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyin yana cikin abin da wurin da za ni yake da shi a zube. Ya kuma ja kunnena a kan wutar kanta. Ya ce mai gashi ba ya gashi a kan harshen wuta, jira yake itace ya faɗi ya zama garwashi, kuma wutar da ta ishi mutum biyu ba ta fi faɗin faifai ba. Ya ɗebo gawayin ƙirya daga buhunsa ya nuna mini nauyinsa, ya ce a daji in nemi busasshen marke ko ƙirya, su ne masu garwashin da ke daɗewa, in guji tumfafiya ko da ta bushe.

A hanyar dawowa na tuna da ragowar matoyar tama da masu binciken tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suka tono a yankin Samaru. Sanin halin ƙarfe a cikin wuta tsohon abu ne a wannan ƙasa.

Sabon tsari: babu walda, babu ƙafafu, kuma zan rage girman zuwa daidai gindin tukunyata. Bututu biyu masu huji, sanduna a sake a cikinsu. Akwai wata da ake sayarwa a Turai da Amurka mai suna Grilliput da ake zuba sandunanta a cikin bututunta idan an kwance, zan ari wannan dabara.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na koma Tudun Wada. Guntayen bututun silba mai rabin inci guda biyu, kowane santimita 28, a kan 2,000. Sandar agon mai 2.4 guda uku 2,100, mai 3.2 guda biyu 1,800. Mai waldar ya faɗa mini gaskiya cewa bututun mai lamba 201 ne, wanda nikel ɗinsa bai kai na silba mai lamba 304 ba, don haka zai fi saurin yin tabo idan aka bar shi da danshi. Maganaɗisu ba ya bambance su. Na karɓa a haka, tunda ba shafe ba ne kuma abinci ba a kansa zai zauna ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Huda bututun ya cinye mini yini guda. Na ari dirilar maƙwabcina, na sayi baki biyu masu milimita 3 a kan 1,600. Na farko ya zame daga kan bututun ya karye tun a huji na biyu, domin ban fara buga alama da ƙusa ba, kuma abu mai zagaye ba ya riƙe baki. Na biyu na sake shi da cikakken gudu, ina ganin sauri zai taimaka, sai wurin ya yi shuɗi, bakin ya dakushe, ya koma yana sheƙi kawai ba ya ci. Silba tana da wannan hali: idan baki yana goga ta ba ya yanka, wurin sai ya ƙara tauri, ya fi ƙarfin bakin.

Na kira mai waldar a waya, ya ce, "Malam, a hankali ake bin ta. Rage gudu, ka danna da ƙarfi, ka riƙa ɗiga mai." Ya ce in nemi baki mai kobal. Na samu a Sabon Gari a kan 3,500. Na ɗaure bututun a cikin tsagin katako, na buga alama a kowane santimita 2, na riƙa ɗiga man gyaɗa. Sai ga ɓawon ƙarfen yana fitowa a murɗe kamar zare. Kafin magariba na yi huji 15 cikin 24. Bango ɗaya kawai nake hudawa, domin sandar ta shiga ta tokari ɗaya bangon daga ciki.

Talata, 10 ga Disamba

Na ƙarasa hujin, na yanka sanduna 12 masu santimita 16, na goge bakinsu da magagari. Daga mai 3.2 na lanƙwasa ƙugiya biyu da filaya, waɗanda ke kama bututun biyu a kowane ƙarshe don kada su buɗe, na bar sararin kamar milimita 3 domin miƙar da Baba ya faɗa. Nauyi duka giram 230. Sanduna shida-shida suna shigewa cikin kowane bututu.

Asabar, 14 ga Disamba

Gwaji na uku, a kan duwatsu huɗu. Na jira itacen ya zama garwashi kafin in ɗora. Tukunya mai lita 1 da rabi ta zauna lafiya, domin gindinta a kan bututun biyu yake. Ina jin sandunan suna ɗan ƙara suna motsi a cikin hujinsu, babu wadda ta yi doro. Matsalar ta fito ne daga inda ban yi tsammani ba. Butar shayi, wadda ba ta kai tukunyar nauyi ba, ita ce ta lotsa sanduna huɗu na tsakiya, saboda gindinta ƙarami ne, duk nauyinta a kansu yake, kuma na ƙara ƙirare a lokacin har sun yi ja. Gyaran bai yi wuya ba, tunda babu walda. Na zare huɗun, na yanka wasu daga ragowar mai 3.2, mai waldar ya faɗaɗa mini huji takwas kyauta. Nauyi ya koma 248.

Alhamis, 19 ga Disamba

Tela ya ɗinka mini siririyar jaka daga ƙafar tsohon wandon jins, mai zariya a baki, a kan 1,500. Giram 32. Jimla 280.

Asabar da Lahadi, 28 da 29 ga Disamba

Fitar gaske. Mun bar gida bayan azahar, muka sauka a Wusasa muka ƙarasa da ƙafa. Kafin komai mun biya wajen mai unguwar ƙauyen da ke kusa da gindin dutsen, kamar yadda muke yi duk lokacin da za mu kwana, domin a wannan zamani bai dace a ga wutar baƙi da dare ba tare da an san ko su wane ne ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mun zo neman izinin kwana ne irin na bara." Ya ba mu izini, ya nuna mana gefen wata gona da aka riga aka girbe, amma ya gargaɗe mu cewa ciyawa ta bushe ƙayau, kara yana tsaye a gonaki, kuma makiyaya suna dogara da shi.

Wayar tana aljihun gefen jaka tare da gorar ruwa, har muka isa ban ji ta ba. Haɗa ta ya ɗauke ni kamar minti uku, mafi wahala shi ne saka bututu na biyu, domin sai an daidaita bakin sanduna 12 a lokaci guda. Na gano cewa idan aka kwantar da su a kan dutse mai shimfiɗa aka fara daga gefe ɗaya abin ya fi sauƙi. Mun zaɓi busassun duwatsu daga tudu, ba na cikin kwari ba, saboda dutsen da ya sha ruwa yana iya fashewa a wuta. Tsayinsu kamar tafin hannu, muka bar baki ɗaya a buɗe don tura garwashi.

Iskar hunturu ce ta kusa jawo mana abin kunya. Na share ƙasa faɗin taku ɗaya kewaye da murhun, ina ganin ya isa. Muna cikin hura wuta iska ta taso daga arewa maso gabas, ta ɗauki tartsatsi ta jefa a ciyawar da ke nesa da mu da kamar taku uku, nan take ta kama. Ƙanena ya yi ihu, "Yaya, wuta!" Ya bi ta da ɗanyen reshe, ni kuma na riƙa watsa ƙasa da murfin tukunya, Allah ya taimake mu muka kashe ta tun ba ta fi faɗin tabarma ba. Jikina ya daɗe yana rawa, ina tuna maganar mai unguwa. Muka tashi murhun gaba ɗaya, muka mayar da shi bayan wani babban dutse da ya tare iskar, muka share taku huɗu ta kowane gefe, muka tara tsibin ƙasa a kusa. Waya maras ƙafafu tana zama kusa da ƙasa, wanda ya sa ta fi sauƙin karewa daga iska, amma wannan bai ɗauke wa mutum aikin share wuri ba.

Girkin kansa ya yi daɗi. Wutar ba ta fi faɗin faifai ba, itacen da muka tsinta bai cika hannu biyu ba. Muna ƙona shi a gefe, muna jawo garwashin ƙarƙashin wayar da sanda. Na dafa shayi, sannan na gasa karfasa biyu da muka taho da su a shafe da yaji. Ta farko ta manne, fatarta ta zauna a kan sandunan, domin na ɗora ta tun wayar ba ta yi zafi ba kuma na yi gaggawar juyawa. Ta biyu na jira wayar ta yi zafi, na tsoma rabin albasa a man gyaɗa na goge sandunan, na bar kifin har ya saki da kansa, sai ya tashi cif da zanen sanduna a jikinsa. Tazarar santimita 2 ta yi daidai da kifi da yankan nama, dankali kuwa a cikin toka muka binne shi. Faɗin wayar kifi biyu matsakaita yake ɗauka, ya ishe mu, amma mutum huɗu sai sun jira juna.

Da asuba sanyi ya yi tsanani, garwashin marke yana nan da ransa a ƙarƙashin toka, da shi muka ɗumama ruwan alwala. Wajen kwancewa sanda ɗaya ta faɗa cikin toka, muka yi kusan rubu'in awa muna tonawa kafin mu gan ta, domin ta yi baƙi ta saje. Na goge sandunan da yashi da toka. Muka kashe wutar da ruwa, muka juya, muka sake zubawa har na iya sa hannu a ciki, muka rufe da ƙasa, muka mayar da duwatsun inda muka ɗauko su.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Lissafin kuɗi. Gwajin farko da naman da na binne 6,800, na biyu 9,000, na uku 12,500, jimla 28,300, kusan ninki biyu na abin da na ware. Wanda zai yi ta ukun kai tsaye, ba tare da karya baki ba, 10,900 za ta ci masa a farashin da na saya. Wayar waldar ba ta tashi a banza ba, Baba ya daddaƙe ta ta miƙe, uwargida tana gasa masara a kanta.

Na duba bututun, ɗan tabon tsatsa ya fito a bakin huji uku, inda maiƙo da danshi suka kwana. Na goge, na shanya a rana, na shafa mai. Na kuma yanka sanda biyu na ajiya na zuba a cikin bututu.

Asabar, 11 ga Janairu

Ƙanena yana so fita ta gaba ta zama bakin Kogin Galma, inda za mu sayi kifi a hannun masunta. Can yashi ne da laka, babu duwatsun Kufena, kuma ɗan abin da za a samu a bakin ruwa ba abin sa wa a wuta ba ne. Yau na gwada mafita a bayan gida: na haƙa siririn rami mai faɗin santimita 20 da zurfin 15, bakinsa yana fuskantar iska, na gitta wayar a kai ta yadda ƙarshen bututun biyu ya hau gaɓar ramin. A ƙasa mai tauri ya yi aiki, wutar ma ta fi samun kariya. A yashi ina tsoron gaɓar za ta zube, domin santimita 4 kawai bututun yake hawa ta kowane gefe. Ranar Laraba zan kai wayar wajen masu ɗiban yashi a Kubanni in gwada a jiƙaƙƙe da busasshe, in ga ko ɗanyen icce biyu a gaɓar ramin za su riƙe ta. Idan ba su riƙe ba, zan lanƙwasa turaku huɗu daga sandar agon mai 3.2, kowane santimita 25, waɗanda a lissafina za su ƙara giram 64, kuma ba za su shiga jaka ba sai ranar da za mu bakin kogi.